HIDIMAR ƘUNGIYOYINMU CIKIN SHEKARA HAMSIN
Jawabin Kwamitin Ƙungiyoyin Ikkilisiya

 

An ba mu zarafi mu yi magana a madadin Zumuntar Mata, Zumuntar Matasa, mawaƙa, Boys' Brigade da Girls' Brigade. A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya keɓe wa Isra'ilawa shekara ta hamsin domin a saki bayi, a kuma mayar wa matalauci gonarsa ta gado. Wato shekarar murna ce, kuma shekarar duba halin da maƙwabci yake ciki. Saboda haka za mu taɓa abu uku: hidima a cikin gari, ziyarar matasa, da tara kuɗi.

1. HIDIMA A CIKIN GARI

Boys' Brigade ta samo asali ne daga wani malamin makarantar Lahadi, William Alexander Smith, wanda ya fara ta a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan a 1883, domin ya hori samarin da suka gagari aji. Ta iso Legas a 1908, daga baya ta hau Arewa. Angar jirgi da ke jikin bajensu tana tuna mana da Ibraniyawa 6:19. Mutanen gari sun san yaranmu da ganga da maci. Mu kuwa mun san su da yashe kwatami kafin damina, da haƙa kabari in an yi rasuwa, da tsayuwa a bakin ƙofa cikin rana tun da muka shiga shekarun rashin tsaro, domin mu yi sujada da kwanciyar rai.

Iyayenmu mata sun bi sawun Dokas ta Yafa, wadda Ayyukan Manzanni sura 9 ta ba da labarinta. Su ne a gidan mai jego, su ne a gidan makoki, su ne a asibiti da kurkuku da kwanon abinci. In kaka ta yi, kowace ta kan keɓe mudun hatsi domin gwauraye da marayu. Ba su taɓa tsayawa tambayar addinin mai jin yunwa ba. Shi ya sa yau muke da maƙwabta Musulmi zaune tare da mu a wannan rumfa, muna kuwa gode musu.

2. ZIYARAR MATASA

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Iyayenmu sun riƙe wannan magana, suka riƙa aika matasa a lokacin dogon hutu zuwa ikkilisiyoyin ƙauye, na ƙauye kuma su zo mana. Ba a kama musu ɗaki a masauki. A gidajen masu bi suke sauka, su ci abin da gidan ya dafa, su fita gona tare da masu gida. Ɗan birni ya kan dawo da kanta a tafin hannu, ya san wahalar da ke bayan buhun masara. Ɗan ƙauye kuma ya kan koma da sanin yadda ake neman makaranta ta gaba, da abokin da zai sauke shi ran jarrabawa. Akwai masu bishara da malaman asibiti a cikinmu da suka fara jin kiransu a irin wannan tafiya.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973. Tun daga nan 'ya'yan Kudu suke zuwa mana, ba su san kowa ba, ba su jin Hausa. Mun ba su tabarma da tuwo, sun koyar a makarantar Lahadi, sun tafi da waƙoƙinmu a bakinsu. Da namu 'ya'yan suka je Inugu da Kalaba da Ibadan, waɗansu iyaye ne suka buɗe musu ƙofa. Alherin da aka yi a nan, a can aka rama mana.

Yau wannan ziyara ta ja baya. Hanyoyi sun zama abin tsoro, annobar korona ta kulle mu a 2020, kuɗin mota kuma ya tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023. Matasanmu suna gaisawa ta waya, amma waya ba ta koya wa yaro zama a gidan wani. In muka bari abin ya mutu, za mu tashi da tsara wadda ba ta san 'yan'uwanta na bayan gari ba, balle na Maraɗi da sauran garuruwan Nijar, waɗanda muke karanta Littafi Mai Tsarki da harshe ɗaya da su.

3. TARA KUƊI

Da me aka yi duk waɗannan ayyuka? Da gayya da kwabon talaka. Maza suka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa, yara suka kwaso yashi. An yi gonar ikkilisiya. An yi baikon godiya na kaka, inda ake kawo doya da kaji da awaki a yi gwanjonsu. Mata sun toya ƙosai, sun dama kunu, sun yi adashi, riba ta shiga asusu. Ko bayan 1986, sa'ad da shirin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, kwano da siminti suka yi tsada, aiki bai tsaya ba.

Daga baya aka shigo da bikin ƙaddamarwa, a gayyato masu hali su faɗi alkawari a lasifika. Muna gode wa waɗanda suka cika nasu. Amma kowa ya sani akwai alkawarin da ya ƙare a tafi, ma'aji yana ta bi har takalminsa ya cinye. Manzo Bulus ya nuna mana hanya mafi ƙwari. A 1 Korantiyawa 16 ya ce kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar fari ta mako gwargwadon samunsa. A 2 Korantiyawa 8 ya yabi masu bi na Makidoniya da suka bayar daga cikin talaucinsu, ya kuma haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa a kan sha'anin kuɗin, domin kada kowa ya sami abin zargi. Wannan ita ce ƙa'idarmu: mutum ɗaya ba ya ƙirga baiko, kowace naira tana da rasit, rahoto kuma ana karanta shi a gaban ikkilisiya. Inda lissafi yake a fili, hannu ba ya nauyin bayarwa.

ROƘONMU

Na ɗaya, muna roƙon dattawa su yarda a buɗe asusun ziyarar matasa, kowane gida ya riƙa sa abin da ya iya kowane wata. Na biyu, kowane iyali mai ɗaki ya ba magatakarda sunansa domin saukar baƙo. Na uku, duk mai tsohon alkawari ya ga ma'aji kafin shekara ta ƙare. Na huɗu, ku matasa, ku shigo ƙungiya. Waɗanda suka ɗauki tubalin wannan majami'a a kansu sun tsufa, da yawa kuma sun tafi wurin Ubangiji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zamanin Nehemiya, kowane gida ya kama gefen da ke gabansa, aka gama garun Urushalima cikin kwana 52.