Kukan Magoya Bayan Cleveland Browns: Jawabin Wakilin 'Yan'uwa Mazauna Ohayo



An nemi mu mazauna jihar Ohayo ta Amurka mu ce wani abu a wannan zama. Mun zaɓi mu kawo kukanmu a kan Cleveland Browns, kulob ɗin da 'ya'yanmu suka tashi suna goyon baya har suka jawo mu ciki. Wasansu shi ne ƙwallon Amurka, wanda sunansa na ƙafa ne amma galibi da hannu ake jifa ko a ruga da ita.

An kafa kulob ɗin a 1946. Rabonsa da kofin gasar NFL tun 1964, kuma bai taɓa zuwa wasan ƙarshe na Super Bowl ba. A 1995 mai shi, Art Modell, ya sanar da kwashe shi zuwa Baltimore. Mutanen gari suka tashi tsaye har gaban kotu, aka bar musu suna da tarihi, kulob ya dawo a 1999. Waɗanda aka kwashe kuwa, Ravens, sun ɗauki Super Bowl sau biyu.

A 2016 wasa 1 muka ci cikin 16. A 2017 ko ɗaya ba mu ci ba, har magoya baya suka yi jerin gwano na ba'a a cikin tsananin sanyi. Duk wannan mun haƙura da shi, domin ƙa'idar gasar ita ce wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Da haka aka samu Baker Mayfield a 2018, mai jefa ƙwallo, wato jagoran 'yan wasa a fili. Shi ya kai mu ga doke Pittsburgh da ci 48 da 37 a zagayen fitar da gwani, a Janairun 2021.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne cinikin 2022. Shugabanni suka sallami Mayfield, suka ɗauko Deshaun Watson daga Houston a kan dala miliyan 230 na shekara 5, kuɗin da dole a biya ko ya yi wasa ko bai yi ba. Suka haɗa da zaɓensu na zagayen farko na shekara uku. Alhali a lokacin mata fiye da 20 na tuhumarsa da cin zarafi, abin da ya sa aka dakatar da shi wasa 11, kuma ya sa iyaye da dama cikinmu jin nauyin saya wa yara rigarsa. Daga 2022 zuwa 2024 wasa 19 kacal ya buga. A 2024 muka ci 3, aka ci mu 14, shi kuwa Mayfield yana can Tampa Bay yana haskakawa.

Ba 'yan wasa muke zargi ba. Mai tsaron baya irin Myles Garrett ba ko'ina ake samunsa ba. Gasar ta ƙayyade abin da kowane kulob zai kashe a albashi, saboda haka abin da Watson ya cinye an tauye shi ne daga rabon sauran. Tun 1999 an gwada masu jefa ƙwallo sama da 35, kowanne an yi masa kallon mai ceto, an gaji da shi kafin ya zauna. Mai kulob, Jimmy Haslam, ya amsa da bakinsa a 2025 cewa cinikin Watson kuskure ne. Muna roƙonsa ya daina sayar da zaɓen gaba, ya bar yaran da aka ɗauko su yi ko da shekara uku kafin a yanke musu hukunci.