Kafin a ɗaura wa Hilux tirela

Idan kaka ta yi, masara da shinkafa kan yi ta fitowa daga Doguwa da Tudun Wada zuwa Kwanar Dangora. Direbobinmu, don Allah ku dubi abin da kuke ɗaura wa Hilux a baya. Mafi ƙarfi a cikin motocin Hilux, kilo 3,500 Toyota ta ƙayyade mata ta ja, shi ma sai tirelar tana da nata birki. In babu, kilo 750 ne kacal, har da nauyin tirelar kanta, wato bai kai buhun masara 8 ba. Inji zai ja fiye da haka, abin da ke ruɗin mutane ke nan. Amma a gangaren Riruwai ko kwanonin dajin Falgore, birki kan yi zafi ya saki, kayan baya su tunkuɗe motar daga kan titi.