Amsar Tambaya: Baƙar Batta Mai Zane Daga Rasha

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Funtuwa. Ya ce marigayi wansa, wanda ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet, ya bar masa wata 'yar baƙar batta mai sheƙi, cikinta ja, a kan murfin an zana saurayi ya kama wani tsuntsu mai fikafikan wuta. Ga shi wani ya taya, shi kuwa bai san darajarta ba.

To Malam, Allah ya jiƙan wanka. Kada dai ka yi saurin sallamawa.

Garuruwa huɗu ne suka yi suna da wannan sana'a a Rasha, wato Fedoskino da Palekh da Mstera da Kholui. Fedoskino ce ta fara, tun 1795, da battocin tabar shaƙa. Amma yadda ka kwatanta taka, ta fi kama da aikin Palekh. Mutanen garin nan asalinsu masu zanen hotunan coci ne. Da aka yi juyin juya hali a 1917, gwamnati ta juya wa addini baya, sana'arsu ta mutu. Sai a 1924 Ivan Golikov da 'yan uwansa masu zane suka kafa ƙungiya, suka koma zana tatsuniyoyinsu a kan battoci. Wanda ke kan taka shi ne Tsuntsun Wuta, wanda ɗan sarki Ivan ya fita nema. Kowane yaro a can ya san shi, kamar dai Gizo a wurinmu.

Abin mamaki, ba katako ba ne. Kwali ne ake shafa wa ƙullu, a jera, a matse, a jiƙa da man 'ya'yan wata shuka mai zare irin na rama, sannan a busar a tanderu har ya yi tauri. Fentin kuwa da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa shi. Burushin gashin wutsiyar kurege ne, zinariyar da ke gefe kuma da haƙorin kyarkeci ake goge ta. Daga nan a yi ta shafa man sheƙi ana busarwa, sau da yawa. Batta guda takan ci watanni.

To a nan gizo ke saƙar: jabu sun yi yawa. Wasu hoto kawai suke bugawa a inji, su manna, su shafe da mai. Saboda haka samo gilashin nan mai ƙara girman abu, irin na masu gyaran agogo, ka duba zanen. In ka ga ɗige-ɗige a jere kamar hoton jarida, to bugu ne. In aikin hannu ne, za ka ga sawun burushi siri-siri. Buɗe ta ka sansana, ta ainihi takan yi ɗan ƙanshin mai. Rufe murfin ka ji, ƙararsa a dushe take, ba ƙwas irin ta roba ba. A ƙasan zanen kuma akan rubuta sunan gari da na mai zanen da harufan Rashanci, ko da yake masu jabu ma sun iya wannan, kada ka dogara da shi kaɗai.

Kafin ka sami masani ya duba maka, kada ka bar ta a rana ko kusa da murhu, don tsagewa take yi. Kada ruwa ko kananzir ya taɓa ta. Tsumma mai laushi ya isa.