TIKITIN KASUWA BA IZININ GINI BA NE: JAWABI GA 'YAN KASUWAR AREWA MAZAUNA KURMI



Maganar yau ita ce ta faɗaɗa wurin sana'a zuwa cikin unguwannin da mutane ke kwana, da hukuncin da hukumomin tsara birane ke yankewa a kan haka. Duk wanda ya san harkar kayan gwari a Ikko ko Badun ya san yadda abin ke farawa. Kasuwa takan cika ta batse, sai mai albasa ya kama ɗakin ƙofar gidan da ke kusa ya mai da shi sito, wani ya kafa rumfa bisa lambatu, manyan motocin da suka taso daga Kano ko Sakkwato kuma su tsaya a ƙofar gidajen mutane ana sauke kaya tun kafin asuba. Kafin a ankara layi guda ya zama kasuwa, alhali kuwa a taswirar hukuma wurin zama ne kawai.

Inda 'yan'uwa da yawa ke ruɗewa shi ne wajen takardu. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayankar dabbobi, da kula da su, shi ya sa ma'aikatansu ke yankar tikiti. Ɗan kasuwa ya shekara goma yana biya, ya tara rasiɗai cike da jaka, sai ya ɗauka ya zauna da gindinsa. To, ikon ƙasa ba a can yake ba. Dokar Mallakar Filaye ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. A 2003 kuma Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Ikko ta kai Gwamnatin Tarayya, ta tabbatar da cewa tsara birane aikin jihohi ne. Bisa dokar da Ikko ta yi a 2010, hukumar LASPPPA ce ke ba da izinin gini da na sauya amfanin wuri daga gida zuwa shago, LASBCA kuma ita ke bin gine-gine tana shafa jan fenti ga wanda ya saɓa. Yardar mai gida, ko ta baale, ko ta 'ya'yan masu fili da ke karɓar kuɗi kafin a aza tubali, ba ta tsayawa a madadin wannan izini ko kaɗan. Ranar da katafila ta iso, ba a ganin ko ɗayansu.

Akwai kuma batun diyya. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar kuwa ta gini ce da abin da aka kashe a kan filin, kuma wanda ke da haƙƙin mallaka ake biya. Ɗan haya da ya zuba jarinsa ya gina shago a filin wani, yawanci hannu rabbana yake tashi. Waɗanda suka ga rushe Maroko a watan Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, ba sa bukatar dogon bayani.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: maƙwabta ma suna da tasu hujja. Mutumin da ya gina gidansa da gumin goshinsa, ya wayi gari ba hanyar fitar da motarsa, ruɓaɓɓen tumatir ya toshe lambatu, damina ta kawo ruwa har ɗaka, ba ƙiyayyar Bahaushe ce ta sa shi kuka ba. Ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa suna da sakatare, suna rubuta koke, suna bin sawunsa daga ofis zuwa ofis. 'Yan kasuwa kuwa ba kasafai ake jin ta bakinsu ba sai bayan an liƙa sanarwa a bango. Idan aka bar irin wannan ƙorafi ya daɗe yana tsima, ƙaramar cacar baki takan zama fitina. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a kewayen kasuwar Mile 12, aka rasa rayuka, Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar, gwamnati ta kuma ba da sanarwar mai da ita Imota, wajen Ikorodu. A watan Fabrairu na 2021 an ga irin haka a kasuwar Shasha ta Badun, inda aka ƙone shaguna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe ta. A Oktoba na 2023 an sake garƙame Mile 12 na 'yan kwanaki, a wannan karon saboda shara. Mai tumatir ya san abin da kwana uku ke yi wa kwando.

Hukumomi su ma ba su fita daga zargi ba. Ba daidai ba ne a yi shekaru ana karɓar haraji a wuri, sannan rana ɗaya a tuna da taswira. Idan tashi ya zama dole, haƙƙi ne a fara tanadar sabon wuri mai hanya da ruwa da filin tsayawar manyan motoci, a kuma ba da wa'adin da hankali zai ɗauka. Amma wanda ba shi da takarda a hannu, ba shi da bakin neman wannan haƙƙi a gaban kotu.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya biya kuɗin haya, ya fara zuwa ofishin tsara birane na yankin ya tambayi abin da aka ware wurin dominsa. Idan gida ne, a sa mai gidan ya nemo izinin sauyawa da sunansa, a rubuta haka cikin yarjejeniya a gaban lauya. Kowace ƙungiyar kasuwa kuma ta zaɓi mutum biyu masu ilimin boko da jin Yarabanci, su riƙa halartar taron masu gidaje na unguwa, a daidaita da su kan lokacin sauke kaya da ranar kwashe shara, sakatare ya adana kwafin duk abin da aka sa wa hannu.