Rana, Laima da Ƙura: Abin da Ke Ɓata Sikirin a Shagunan Bugun Riguna na Tudun Wada

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu sana'ar bugun sikirin, Tudun Wada, Zariya

Gabatarwa

Zariya ta daɗe da sanin ɗab'i. A nan aka haifi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Bruce Onobrakpeya ya yi karatu kafin ya yi suna a fannin zanen bugawa. Sai dai ɗab'in da ya fi kusa da jama'a a yau shi ne na ƙananan shaguna, daga Tudun Wada zuwa Kongo da Sabon Gari: bajen Islamiyya, rigar 'yan ƙwallo, jakar rabon biki, hular kamfen.

A shagunan nan koke biyu ake yawan ji, "ya zube" da "ya ƙi fita", kuma nan take a ɗora laifin kan emolshan, a ce jabu ne. Matsayin wannan takarda shi ne yawancin asarar daga lokacin haskawa take, domin ana aiki da ƙiyasi ɗaya shekara zagaye a garin da yanayinsa ke juyawa sau uku.

Yadda aikin yake

Emolshan da aka gauraya da sansitaiza yana taurarewa idan haske mai ƙarfi na UV ya same shi, musamman tsakanin nanomita 350 zuwa 420. Inda baƙin zane ya rufe, hasken ba ya kaiwa, sai wurin ya zauna da taushinsa, ruwa ya wanke shi, ya bar ƙofar da fenti zai bi. Hasken ta bayan sikirin yake shiga, saboda haka cikin, inda sikwiji ke gogawa, shi ne ƙarshen nuna.

"Ya zube"

Sikirin da aka ɗauke da wuri kamar ƙosai ne da aka tsame kafin lokaci, baya ya soyu, ciki ɗanye. Alamarsa a yatsa take. A shafa cikin sikirin yana jiƙe. Idan aka ji yauƙi, ko launin emolshan ya biyo yatsa, haske bai isa ba. Yauƙin nan kan gangaro cikin haruffa ya bushe garau, ido ba ya ganinsa, sai an zo bugu fenti ya ƙi wucewa. Wani kuma ya tsallake wanki, amma kafin a buga riga hamsin gefen rubutu ya fara ɓarewa.

Raga mai maiƙo ma tana jawo hakan, don haka a wanke ta da sabulu, a ɗauraye sosai kafin shafi. Haka shafi mai kauri, wanda ya taru ya yi ɗigo a ƙasa.

"Ya ƙi fita"

Nan kuma ba kullum ne lokacin haskawa ya yi yawa ba. A ɗaga fim ɗin da zanen ke kai a kalli fitila ta cikinsa. Idan ana hangen haske ta baƙin, to UV ma zai wuce, sai a buga biyu a haɗa su daidai. Takardar da aka shafa wa mai don ta yi shara-shara tana rage haske kuma baƙinta ba ya kai na fim, shi ya sa ƙananan rubutu ke wahala da ita. Idan kuma gilashi bai danne fim sosai a kan raga ba, haske na kutsawa ta ƙarƙashi. Abin da ke fara ɓacewa shi ne ɗigon haruffan Larabci a bajen Islamiyya da ƙugiyar ƙ da ɗ, kuma mai makaranta ba zai karɓi irin wannan aiki ba. Soso mai tauri da baƙin ƙyalle a ƙasa, gilashi mai nauyi a sama, suna magance shi. Raga mai ruwan ɗorawa tana rage watsuwar haske, amma tana buƙatar ƙarin lokaci fiye da fara.

Wani kuskuren shi ne wanki a tsakar rana. Yaro ya fito da sikirin bakin kwata yana neman bokiti, rana na ci gaba da aikinta. A inuwa ake wanki, da ruwan sanyi: a jiƙa fuska biyu, a jira minti ɗaya ko biyu, sannan a fesa daga baya.

Yanayin Zariya

Da damina, musamman a Agusta, laima ce matsala. Sikirin kan zama kamar ya bushe idan an taɓa alhali cikinsa da danshi, kuma emolshan mai danshi ba ya taurarewa yadda ya kamata ko an ƙara masa lokaci. Ana so laimar wurin shanya ta kasance ƙasa da kashi 50 cikin 100.

Da bazara, a Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 35, a ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Zafin da ya wuce digiri 40 yana taurar da emolshan ko a cikin duhu, haka ma na'urar busar da gashi idan an kanga ta kusa. Emolshan mai sansitaiza na diyazo da aka riga aka gauraya makonni kaɗan yake yi a ɗaki, a firji kuwa ya kai wata uku.

Da hunturu, ƙura ke sauka kan ɗanyen shafi da gilashi ta bar ƙananan huji, hazo kuma ya rage ƙarfin rana.

Gwajin da ba ya cin kuɗi

A shafa sikirin ɗaya, a ɗora zane mai ƙananan rubutu, a rufe shi da kwali sai kashi ɗaya cikin shida. Duk bayan daƙiƙa 15 a rana, ko minti ɗaya a fitila, a ja kwalin a buɗe kashi na gaba. Bayan wanki, kashin da ba shi da yauƙi kuma rubutunsa ya buɗe tsaf shi ne lokacin shagon. Mai hali ya nemi ma'aunin Stouffer mai matakai 21, inda ake so mataki na 7 ya tsaya. Mai fitila ya riƙe cewa ninka nisanta sau biyu na nufin ninka lokaci sau huɗu, kuma farin ƙwan LED na ɗaki ba shi da isasshen UV.

Shawarwari

Na farko, kowane shago ya ajiye littafi: kwanan wata, sa'a, irin raga, irin emolshan, lokacin da ya yi daidai. A sake gwaji duk sauyin yanayi da duk sabuwar robar emolshan.

Na biyu, masu amfani da sansitaiza mai ruwan lemo na baikuromet su san guba ne mai cin fata, yana kuma cikin sinadarai masu jawo ciwon daji. A sa safar hannu, a hana yara masu koyo dama shi da yatsa, kada a zubar da ragowarsa a kwatar da ke gangarawa rafin Kubanni. Diyazo ya fi shi sauƙin haɗari.

Na uku, masu sana'a su haɗa kuɗi su ƙera akwatin haske na UV mai aiki da batir, su kuma nemi Sashen Zane-zanen Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya taya su auna lokacin haskawa wata-wata, a buga jadawalin da Hausa a raba wa shaguna.