Lacca A Kan Ƙaramar Waya Mai Madannai

  

Abin da mu ke so mu yi magana a kansa yau shi ne 'yar ƙaramar wayar nan mai madannai, wadda samari su ke yi wa ba'a su na kiranta, gafara dai, "raka ni kashi". Mu na so mu nuna muku cewa wannan waya da a ke rainawa ta na da sauran tafiya a gabanta, tafiyar kuwa da talaka za a yi ta.

Da fari ku sani kowace waya ta na da abin da ke tafiyar da ita a ciki, kamar yadda linzami ke juya doki. Shi a ke kira babbar manhaja. Yau manhajoji biyu ne su ka danne duniya, watau Android ta kamfanin Google da iOS ta kamfanin Apple, dukansu kuwa na Amurka ne. Amma akwai wata 'yar auta a gefe mai suna KaiOS. Aikinta shi ne ta shigar da intanet cikin waya mai madannai, don wanda ba shi da ƙarfin sayen babbar wayar shafawa shi ma ya leƙa duniya.

Ga tarihinta a taƙaice. Cikin 2013 wata ƙungiya mai suna Mozilla ta fito da manhajar Firefox OS. Kasuwa ba ta karɓe ta ba, cikin 2016 su ka ajiye aikin. Amma da ya ke ba su kulle rubutun manhajar ba, a fili su ka bar shi kowa ya ɗiba, sai waɗansu su ka ɗauka su ka gyara, cikin 2017 ta sake tasowa da sunan KaiOS. A shekarar nan kamfanin Jio na Indiya ya sa ta cikin wayarsa, mutum ya ajiye rufi 1,500 a ba shi waya, bayan shekara uku in ya mai da ita a mayar masa da kuɗinsa. Cikin 2018 Google da kansa ya zuba mata dala miliyan 22. Cikin 2019 wayoyin da ke ɗauke da ita su ka kai miliyan 100, a shekarar kuma MTN ya kawo irinta Nijeriya a kan kuɗin da bai kai naira 10,000 ba.

Ba mu zo nan don mu ɓoye muku gaskiya ba. Daga baya 'yar autan nan ta sha bugu. Cikin watan Fabrairu na 2025 WhatsApp ya janye daga kanta. Saboda haka duk wanda ya je sayen irin wannan waya kada mai kanti ya ruɗe shi da zancen WhatsApp. To, za ku ce, in haka ne ina dalilin sa rai? Dalilanmu uku ne.

Na ɗaya, sarki goma zamani goma. Sa'ad da Android ta fito cikin 2008, Nokia da BlackBerry ne sarakunan kasuwa. Ina su ke yau? Nokia ya sayar wa Microsoft sashen wayarsa cikin 2014, Microsoft kuma duk da dukiyarsa ya kāsa raya manhajarsa ta waya. BlackBerry ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa cikin Janairu na 2022. Waɗannan manhajoji a kulle su ke, da masu su su ka sake su sai su ka mutu murus. Wadda aka bari a fili kuwa kun ji ta mutu sau ɗaya ta tashi. Abin da ya ke na jama'a ya na da wuyar binnewa.

Na biyu, mun ga irin haka da idonmu. Sa'ad da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001, layi kaɗai ya kan kai naira 20,000, sai attajirai ke riƙe ta. Da Tecno ta shigo da wayarta mai layi biyu aka yi ta yi mata dariya, a na cewa 'yar Caina ce. Yau kamfanin Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, shi ne kan gaba wajen sayar da waya a Afirka. Ba da ado ya ci kasuwa ba, sai don ya dubi aljihun talaka ya yanka masa riga daidai wuyansa.

Na uku, shi ne mafi girma, bukatar ba ta gushe ba. Ku dubi ƙasarmu. Manomin Gagarawa ya noma riɗi, na Sule Tankarkar ya noma gero da zoɓo, amma farashin da a ke yi a kasuwar Dawanau ta Kano sai abin da ɗan tsakiya ya ga dama ya faɗa musu. Ran Alhamis kasuwar Maigatari ta kan cika da shanu da raƙuma da tumaki, har daga Nijar. Kun tuna yadda ciniki ya tsaya cik a farkon 2023 sa'ad da aka canja kuɗi, takardar naira ta yi wuyar gani. Wanda ya iya tura kuɗi ta waya shi ya sami sa'ida. A ƙauyukanmu da yawa kuwa sai an biya mai caji kafin waya ta sha wuta. Babbar waya kullum sai ta koma wurinsa, ƙarama ta kan yi kwanaki, ta faɗi a gona a karkaɗe ta a ci gaba da aiki. Ko Indiya ba su saki wannan hanya ba, gama cikin 2023 Jio ya sake fito da wata mai madannai a kan rufi 999, mai intanet, wadda a ke biyan kuɗi da ita. Suna ya kan canja, amma hanyar ta na nan.

To, sa rai ba tare da aiki ba zaman banza ne. Manhajojin KaiOS da irin rubutun da a ke gina shafin intanet a ke yin su, abin da ɗalibi zai iya koyo da ƙaramar kwamfuta. Mu na kira ga ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gumel, da na makarantar kwamfuta ta Kazaure, da na jami'o'in Dutse da Kafin Hausa, su rubuta mana manhaja da Hausa wadda za ta faɗi farashin buhu da na dabba kowace ranar kasuwa, da murya don wanda bai yi karatun boko ba. Mu na kira ga shugabannin kasuwa su riƙa ba da farashin gaskiya. Mu na kira ga bankuna su sauƙaƙa tura kuɗi ta ƙaramar waya, kada su ɗauka kowa mai babba ne. Masu gyaran waya kuma su koyi aikinta, su nemo kayanta.

Ku kuma samari, ku daina jin kunyar fito da ita cikin mutane. Wayar da ta hana a cuci mahaifinka a kan buhu goma na riɗi ta fi wadda ka sayar da akuyar gyatumarka don ka saya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya.