Muryar Masananmu Ta Isa Cikin Gida: Jawabin Kwamitin Ilimi a Taron Shekara



Duk shekara idan muka dawo gida hutun Sallah, mukan gayyato ɗaya daga cikin 'ya'yan garin nan, likita ko lauya ko malamin gona, ya gabatar da lacca. Mukan yi hayar rumfa da kujeru, mu sayi man janareta, shi kuma masanin ya baro aikinsa ya sha doguwar tafiya. To amma su wa ke sauraro? Galibi mu ne da muka zo daga birni, waɗanda ba mu rasa likita ko lauya ba a inda muke zaune. Matar da aka shirya laccar awon ciki dominta tana cikin gida tana fama da tuwon baƙi, manomi kuma yana can ƙauye.

Maganin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kamfanin Philips ya fito da kaset a shekarar 1963, malaman addini kuma sun riga mu gane amfaninsa. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya rasu a 1992, amma tafsirin da ya gabatar a Masallacin Sultan Bello na Kaduna har yau ana sauraronsa, saboda an naɗi muryarsa. Zamanin kaset ya wuce, sai dai wayar da ke aljihun kowannenmu tana yin aikin rakoda, har ta aika da saƙon ta WhatsApp.

Sai dai naɗar murya tana da ƙa'ida. A ajiye wayar kusa da bakin mai magana, nesa da janareta da lasifika. Mai lacca ya tuna cewa kunne ba ya ganin allo: idan ya ce "ku dubi wannan hoto", ya bar mai sauraro a duhu, don haka sai ya bayyana hoton da baki, cikin Hausa, ba rabi Hausa rabi Turanci ba kamar yadda wasunmu suka saba. Ya maimaita kowace tambaya kafin ya amsa ta. Ya kuma fara da ambaton sunansa da aikinsa da shekarar, domin shawarar likita kan magani tana canzawa, kuma muryar da ba ta da suna kowa yana iya jingina ta ga wanda ya ga dama. Wanda ya yi tambaya game da rashin lafiyarsa kuwa, kada a yaɗa muryarsa sai da yardarsa.

Muna roƙon wannan taro ya ware matasa biyu su ɗauki nauyin aikin daga laccar yau, su rarraba ta gajeru-gajeru na minti biyar, su kai wa ma'aikatan asibitinmu, da makarantun matan aure, da masu cajin waya na bakin kasuwa.